Gwangwanin da Na Miƙa wa Yaya

Kafin in lalace, ni mai kayan yaji ne. Kasuwa-kasuwa nake bi, yau Babura, gobe Kanya Babba, jibi Kazaure, ina sayar da citta da kanumfari da masoro da busasshen zogale. Ba na samun abin a zo a gani, amma ina barcina lafiya. A wani ƙauye na ƙasar Roni aka haife ni. Iyayenmu sun rasu ina ƙarami, yayata ce ta goya ni, har gidan mijinta ta tafi da ni. Ita kaɗai ce take kirana Auta, ko bayan na yi gemu.

Da garin zogale abin ya fara. Na ga masu lasifika suna tara jama'a da maganar ƙarin jini da ƙarfin jiki, ni kuwa ina zaune ina korar ƙuda. Sai na daka zogale da citta da tafarnuwa, na ɗura a ƙananan gwangwanaye, na ce garin ƙarin jini ne. Har nan da sauƙi. Matsalar ita ce ba a jin aikin zogale a rana ɗaya, manomin da ya wuni a duƙe kuwa so yake ya sha yanzu, bayansa ya saki yanzu. Wata rana na sayi ƙwayoyin ciwon jiki a kemis, fararen nan masu araha, na niƙe, na barbaɗa a ciki. Da kasuwa ta zagayo sai ga mutane suna cigiyata. Na ƙara ƙwaya. Na sayi lasifika, daga baya na sayi babur.

Dabarata ita ce in sha a gaban jama'a. In dama cokali guda a kofi, in shanye, in bugi ƙirji. Abin da ba su sani ba, gwangwanina daban yake, zogale ne zalla. Ko matata ba ta sani ba. Kowa a danginmu ya ɗauka Allah ne ya buɗa mini, Yaya kuwa duk inda ta zauna sai ta yi alfahari da ni.

Yaya ta daɗe da maƙoƙo, har ya fara hana ta haɗiya. A wani asibiti a Kazaure aka ce za a yi mata tiyata, amma jininta ya yi ƙasa, ta koma gida ta ci abinci mai kyau tukuna. Daga asibitin gidana ta wuto.

"Auta, ina da mai maganin jini a gida, zan je nema a waje? Ba ni naka."

Na shiga ɗaki na ɗauko mata irin wanda nake sha, marar ƙwaya. Na ɗauka na tsira.

Ba a jima ba ta dawo, fuskarta babu walwala. Ta ce maƙwabciyarta ta sam mata wanda ta saya a wajena a kasuwa, tana sha ta ji jikinta ya saki, nata kuwa ko gezau.

"Bare ka ba mai kyau, ni ka ba ni dusa? In kuɗi ne ka faɗa, zan biya."

Wallahi maganar ta zo har bakina. In ce mata, Yaya, naki ne mai kyau, wancan ha'inci ne, ƙaninki macuci ne. Na dube ta, na kasa. Na ji tsoron yadda za ta dube ni fiye da yadda na ji tsoron Allah. Na miƙa mata gwangwanin kasuwa, na ce ta riƙa sa kaɗan. Ta ce likita ya ce a gaya masa duk abin da ake sha, ko ta faɗa? Na ce ba sai ta faɗa ba, likitoci ba sa son namu. Safe da yamma take damawa a koko har ana gobe aiki.

An yi tiyatar da safe, aka fito da ita, muka yi hamdala. Bayan azahar wuyanta ya kumbura, numfashi ya fara gagararta, aka mayar da ita ciki a guje. Can likita ya fito ya same mu ni da mijinta.

"Jininta ya ƙi tsayawa. Akwai abin da take sha?"

Mijinta ya ce babu, sai garin ƙaninta, ga shi nan zaune. Likita ya juyo gare ni. Na ce zogale ne da citta. Har a wannan lokacin, ku ji fa, ƙarya na yi. Sai da ya juya ya kai bakin ƙofa sannan na bi shi na faɗi sunan ƙwayar. Bai zage ni ba. Cewa ya yi irin wannan ƙwaya tana tsinka jini, da sun sani da sun ɗage aikin. Ya shige. Da na dawo na zauna, mijin Yaya ya tashi daga bencin da muke, ya koma wani.

An ceto ranta, amma a aiki na biyun muryarta ta tafi, sai raɗa. Asibiti ya kai rahoto, hukuma ta zo gidana ta tarar da turmi da kwalayen ƙwaya. Ban yi musu a kotu ba.

A gidan yari ranar ziyara ce ta fi yi mini tsawo. A kira wannan, a kira wancan, ni ina jingine da bango. Matata ta koma gidansu. Abokan kasuwa ko sallahu. Ina yawan tunanin mutanen da suka sayi garina, waɗanda ban san sunansu ba, ko wani a cikinsu ya hau gadon tiyata da shi a jikinsa. Har yau ban sani ba.

Ranar da aka sake ni babu wanda ya zo tarbata. Yanzu dako nake yi a kasuwar Babura, ina kwana a shagon wani bawan Allah. Na tuba, ina kuma roƙon gafarar duk wanda na cuta.

Samari, kada ku sayar wa mutum abin da ba za ku iya faɗin abin da ke cikinsa ba. In naku zai yi tiyata, duk abin da yake sha, gari ne, jiƙo ne, ƙwayar ƙarin jini ce, a kai wa likita ya gani, kafin aiki da bayansa. In kuma kun riga kun yi ƙarya, ku faɗa tun da sauran amfani.

Na daɗe kafin in iya zuwa wajen Yaya. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, mayafi naɗe a wuya. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta yafito ni da hannu, na matsa har kunnena ya kusa taɓa bakinta.

"Auta," ta ce, "da ka gaya mini, ai da ban gaya wa kowa ba."