Ranar da Bawa Iska ya kashe babur

Har yau ban manta da ranar da Bawa Iska ya tsaya ana tsakiyar tsere ba. Ku da kunka shigo gareji kwanan nan sunansa kawai kuke ji. Ni na yi shekaru ina ɗaure mai inji, tun ina babban makanike a garejin maigidanmu a Sabon Birni.

Tseren lokacin ba zagaye ba ne. Bayan girbin gero ake share fili miƙaƙƙe a bayan gari, babura biyu su jera, mai tuta ya saki hannu, wanda ya riga tsallake igiya shi ya ci. Aikina in rage wa babur nauyi, in gyara kabureta, in canza fulogi, in saurari ƙarar inji. Daga Isa har Tsamaye babu wanda ya taɓa shan gaban Bawa.

A shekarar da abin ya faru wani ɗan Nijar ya zo ta Burkusuma da babur ɗinsa. Jama'a ta cika fili. Anka saki tuta, Bawa ya ba shi rata mai yawa. Saura kaɗan ya kai igiya sai munka ga ya sassauta, ya kashe inji, ya sa ƙafa ƙasa. Baƙon ya wuce shi yana waiwaye, shi ma bai gane ba.

Nan take anka ce babur ya mutu, laifin makanike ne. Maigida ya kira ni gaban mutane.

"Sani, mi ka yi ma injin ga?"

"Wallahi Alhaji, lafiya lau na ba shi."

"To kwance shi gabana."

Na kwance shi ƙusa-ƙusa. Mai na sauka, fulogi na ba da wuta, fistin ko ƙwarzane babu. Na mayar, bugu ɗaya ya tashi. Duk da haka masu babura sunka fara kai aikinsu wani wuri.

Na iske Bawa a ƙofar gidansu yana gyaran danga. Na ce, "Abokina, ana zagina a kanka. Mi ya faru?"

Ya ce, "Babur bai yi komi ba. Za ni gaya ma kowa."

"To kai fa?"

Ya ce, "Na hangi igiya, sai na ji ba ni son kai wa gare ta."

Ya cika alkawari, ya bi majalisa-majalisa yana wanke ni, aiki ya dawo. Amma bai ƙara tsere ba. Ya koma ɗaukar majinyata daga ƙauyukan Tozai zuwa asibiti, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, har ciwon ajali ya same shi. A wurin zaman makoki na ji bayani iri-iri kan tsayawarsa ranar tsere. Wani ya ce mahaifiyarsa ya hango cikin taro. Wani ya ce an yi mai asiri. Matarsa ta aiko cewa ita ma ta tambaya har ta gaji.

Yanzu masu gudu na kiran kansu 'yan gidan Bawa, masu ɗaukar majinyata ma haka, kowa na cewa shi ya gaje shi. Ni ban san wa ya fi gaskiya ba.

Abin da na koya shi ne, in babur ya tsaya, kada ku yi saurin ɗaukar sifana. Ku fara duban wanda ke bisa. Inji ina iya buɗe shi in gaya muku ciwonsa. Mai shi kuwa, na ci tuwo da shi shekara da shekaru, kuma ban sani ba.