Anti da Gurbin Nauyin Jarirai

Shekara goma sha huɗu Anti ta yi a kan kujera ɗaya, a wani ƙaramin kamfani da ke saman shagon mai gyaran firji, tana rubuta manhajar da ƙananan asibitocin unguwa suke ajiye bayanan masu jego da jarirai a ciki. Ba ta taka jami'a ba. Buga takardu aka ɗauke ta yi, sauran kuma a tsaye ta koye shi, a bayan kafaɗar masu digiri da suka zo suka tafi suka bar ta. Daga manaja har mai shara Anti suke ce mata, kuma manhajar jarirai tata ce ita kaɗai, ba mai sa mata hannu sai da sallama.

Yaren kwamfutar da take rubutu da shi ba shi da tsegumi. Ka buɗe gurbi ka zuba abin da ka ga dama, lamba ko kalma ko kwanan wata, ba ya tambayarka me ka zuba. Wanne gurbi ne na mene ne, duk a kan Anti yake, kuma ba ta taɓa ganin dalilin sauke shi ba.

Sai ga Dogo, sabon shugaban masu rubuta manhaja, wanda ko wata shida bai cika ba. A taron Litinin ya miƙe yana juya biro.

"Abu ne mai sauƙi," in ji shi. "Kowane gurbi a liƙa masa alama, wannan na lamba, wannan na rubutu. Akwai 'yar manhaja da za ta bi ta duba, in an zuba rubutu a gurbin lamba ta ja jan layi. Amma fa ba dole ba ne. Wanda ya so."

"In ba dole ba ne, me ya kawo shi taro?" in ji Anti.

"Haba Anti, shawara ce."

"Littafin sa hannu na bakin ƙofa ma da wanda ya so ya fara. Yau makara minti biyar ka ga wanda ya so."

Aka yi dariya, ban da ita. Ita ta san inda aka dosa. Ranar da ta liƙa wa kowane gurbi alama, ranar ta kwashe abin da ke kanta ta shanya a fili, kowane mai gemun jiya ya zo ya ɗauka. Daga nan sai a ce Anti ta gaji, a karɓe manhajar a ba wani.

Kafin sati biyu 'yan ofis sun raɗa wa 'yar manhajar suna Ɗan Sanda, Dogo kuma ya kafa allo a bango. Gaban sunan kowa kore, alamar ya gama, gaban na Anti ja. Wai ba dole ba ne! Abin da ba dole ba har da allo?

Koren nan ne ya tsaya mata a rai. Mutanen da ko kofin shayinsu ba sa wankewa, yaushe suka gama aikin wata uku a kwana goma? Da tsakar rana, suna can wajen cin abinci, ta buɗe aikinsu ta leƙa. Ashe cikin alamomin akwai wata da ake kira "komai". Ka liƙa ta, Ɗan Sanda ya sara maka ya wuce, ko jaki ka cusa a gurbin. Ta ƙirga da yatsa a kan gilashin kwamfuta: wuri ɗari uku da goma sha biyu. Ta rubuta a takarda, ta ninke, ta sa a jaka.

Ranar Laraba manaja ya tsaya a kanta yana sosa ƙeya. "Anti, ko rabi ki yi mana, don Allah. Jan nan yana ɗaukar ido."

Ta ce to, don kawai ta nuna musu aikin banza ne. Ta fara da gurbin da ta fi sani, na nauyin jariri, ta liƙa masa "lamba". Nan take jan layi ya fito: wai rubutu ma yana iya shigowa wannan gurbi.

"Ƙarya kake," ta ce wa kwamfutar. Ta fara zargin ko Dogo ne ya saita abin don ya kunyata ta. Amma ta ɗauki waya ta kira ƙanwarta Auta, ma'aikaciyar jinya a ɗaya daga cikin asibitocin.

"Ke Auta, a wurin nauyi me kuke rubutawa?"

"Nauyi mana, Yaya. Tsufa ne ya fara?"

"Bar shirme. In sikeli ya lalace fa?"

"Sai mu rubuta ba a auna ba. Ai abin da ya sa muke son manhajarki ke nan, ba ta da musu, ba kamar mai ita ba."

Anti ta ajiye wayar a hankali. Duk Juma'a manhajarta tana fitar da sunayen jariran da ba su kai kilo biyu da rabi ba, don a kira iyayensu a dawo da su a duba. Manhajar tana tambaya ne kawai, wannan nauyi ya gaza biyu da rabi? In ta tarar da kalmomi a maimakon lamba, ba ta kuka, ba ta tsayawa, sai ta ce a'a ta wuce. Duk jaririn da ba a auna ba, lafiyayye ta ɗauke shi. Anti ta bincika bayanan asibitin Auta kaɗai, na bana kaɗai. Jarirai arba'in da bakwai.

Fanka tana juyi, mai gyaran firji yana buge-bugensa a ƙasa. Ta goge "lamba" ta rubuta "komai". Jan layin ya ɓace tas. Ba wanda ya gani, ba wanda zai taɓa sani, manhajar kuma tana nan a hannunta. Ta zauna tana kallon kalmar nan har shayinta ya huce. Sannan ta ja tsaki, ta goge, ta gyara gyalenta ta nufi ofishin manaja.

Abin da ta faɗa tun farko kuwa shi ya faru, ko harafi bai canza ba. Litinin Dogo ya miƙe da labarin a bakinsa kamar shi ya tono, ya ce daga yau alama dole ce. Manaja ya ce manhaja irin wannan ta fi ƙarfin mutum ɗaya, za a haɗa Anti da mutum biyu daga ɓangaren Dogo, a ba su mabuɗin shiga. Matar da ta kai kanta ƙara da ƙafarta, ladan da aka ba ta ke nan.

Anti ta miƙe. Ta buɗe jaka, ta ciro takardar nan, ta manna ta a ƙasan koren allon.

"Ɗari uku da sha biyu," ta ce. "Tunda dole ce, ƙannena, a fara da naku. Kuma duk wanda ya rubuta mini komai a gurbin jarirai, ni ce Ɗan Sandan."

Juma'ar da ta biyo baya takardar sunaye ta fito da shafi na biyu, na waɗanda ba a auna ba, Auta ta yi waya tana mita wai an ƙara musu aiki. A lokacin ɗaya daga cikin mutanen Dogo ya riga ya jawo kujera kusa da Anti, ya buɗe manhajarta a tasa kwamfutar, ko sallama bai yi ba. Ta matsar da kofinta daga kusa da gwiwar hannunsa, ta ci gaba da liƙa alama, ido ɗaya a kan aikinta, ɗaya a kan yatsunsa.