Akwatin Wahabu da na kulle a adaka

Wahabu ɗan ƙanena ne, a hannuna ya tashi, a gidanmu na Salaga da kakanninmu fataken goro suka gina. Tun yana yaro ba shi da hayaniya. Uban ya sa shi sayar da doya, ya kasa, mai saye zai yi masa tayin wulaƙanci, shi kuwa sai ya ce, "To." Na ce da ubansa a cire yaron nan daga kasuwa kafin ya ba da rumfar kyauta. Aka kai shi Yendi ya koyi ɗaukar hoto da bidiyo, can ne hannunsa ya faɗa.

Shekara ashirin da wani abu ke nan yana bin biki da suna da sadakar arba'in, daga Salaga zuwa Yendi har Bawku. In taro ya watse, sauran masu hoto suna neman abinci, shi sai ya zauna gaban tsohon gidan ya naɗi maganarsa. Tsofaffi na son sa, don ba ya katse mutum.

Duk aikinsa yana cikin wata 'yar kwamfuta da ba ta fi faifan rufe ƙwarya ba. Wata rana ya kawo wani baƙin akwati, ya sa a cikin kabad ɗin ƙasan talabijin, ya jona wayoyi, ya rufe ƙofar. Na ce, "Wannan kuma wane ɗan haya ka kawo mana, ba sallama?"

Ya ce, "Goggo, rumbuna ne. Da na shigo gida na buɗe kwamfuta, sai ta juye abin da ke cikinta cikin wannan, ita da kanta. In ta mutu, shi yana nan. Kada dai a cire shi daga wuta."

Na ji da kunnena. Ba zan ce ban ji ba.

A gidanmu, in za a yi taro, duk abu mai daraja ɗakina yake zuwa: gwal ɗin mata, takardun fili, Alƙur'anin kakanmu. Haka na tarar uwata na yi. Da bikin Kausara 'yar Wahabu ya matso, shi yana garin Karaga wurin aiki, na dubi kabad ɗin nan na ce, gida zai cika da hannuwa, ni zan bar rumbun ɗana a falo? Na tsuge wayoyin, na naɗe akwatin a zane, na kulle a adaka. Har ina yaba wa kaina.

Biki ya watse, kowa ya zo ya karɓi kayansa. Wahabu bai zo ba, don bai san an taɓa nasa ba. Na ɗauko akwatin zan mayar, sai na ga wayoyi uku, ramuka biyar. In tambaye shi, ai na faɗa ke nan cewa na yi abin da ya hana. Na mayar adaka, na ce gobe. Goben nan ta kai wata huɗu. Kullum ya dawo ya buɗe kwamfutarsa a falo, hankalinsa kwance, ni ina miƙa masa ruwa.

Cikin watannin nan ne iyalan Malam Osman na Bawku suka kira shi. Malam ya haura casa'in. Kwana uku Wahabu yana naɗar maganarsa: sunayen iyaye da kakanni, hanyar da suka biyo, da addu'ar da ya yi wa 'ya'yansa, kowa da sunansa. Bayan sati biyu Malam ya rasu. Ana cikin haka ruwa ya kama Wahabu a hanyar Yendi, babur ya zame da shi cikin rafi, jakar da kwamfutar ke ciki ta nutse. Da aka ciro ta, masu gyara suka duba, suka ce kwamfutar ta tafi.

Ya shigo gida da gurzajjen gwiwa yana dariya. "Ba komai, Goggo, rumbu na nan." Ya durƙusa ya buɗe kabad.

Na tashi na kawo masa akwatin, a naɗe a zanena. Ya jona, ya ari kwamfuta ya duba. Abu na ƙarshe a ciki aikin wani suna ne tun kafin bikin Kausara. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, Goggo." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ana saura kwana shida sadakar arba'in ɗin Malam, Abida, babbar 'yar Malam, ta taso tun daga Bawku don ta karɓi muryar ubanta a saka wa jama'a. A falon nan ta zauna, ina gefe. Wahabu ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ya ɓace. Sakacina ne, ban duba ba."

Ta ce, "Sakaci? Baba ya hana kansa hutu kwana uku yana maka magana! Da ka ce ba ka iya ba, da mun kira yaran Bawku da wayarsu." Ta yi kuka, ta ƙi cin abincin da na dafa. Ni da ake tsallake ƙofata saboda bakina, ban ce uffan ba. Mabuɗin adakar na ɗaure a bakin zanena, ina murza shi.

Tun ranar babu wanda ya sake kiran Wahabu aiki a Bawku. Maganar ta iso Yendi ma, ana cewa mai ɓatar da muryar mamaci. Bai taɓa gyara wa kowa zancen ba. Na ce zan bi lori in je Bawku da kaina in faɗa wa Abida gaskiya, ya ce ƙafafuna ba za su kai ba, in bar shi.

Ban bari ba. Na sa a rubuta wannan yadda na faɗa, ba ragi. Wanda ya san Abida 'yar Malam Osman a Bawku, ya karanta mata. Wahabu ya yi aikinsa daidai. Ni, Zuleha, na cire wayoyin, na kuma yi shiru wata huɗu.