Furar Baba da Sharaɗinta

Yau na ga ƙwaryar fura a kasuwar Dutsi, sai na tuna Baba, Musulmin da ya ba mu masauki, mu malaman makaranta biyu: ni ɗan Katolika, Bulus ɗan Furotesta. Kowace Lahadi sai mun yi musu. Ya ce muna durƙusa wa gumaka, in ce sun raina Maryama.

Baba yakan dafe faifan ƙwaryar ya ce, "'Ya'yan nan, ba mai sha sai ya faɗi alheri ɗaya na cocin ɗan'uwansa."

Ranar farko da ƙyar na ce, "Sun iya waƙa."

Da aka fara Shari'a Bulus ya koma garinsu. Baba ya rasu bara. Yanzu alheran sun cika mini baki, ba wanda zan faɗa wa. Allah ya sanyaya makwancinsa.