Karammiskin Motar Magatakarda

Muntaka, Allah ya jiƙansa, mai ɗinkin kujerun mota ne a Karaye. Shekara goma sha huɗu ya yi a wata rumfa kusa da tasha, da keken ɗinki ɗaya da almakashi biyu, har ciwon hanta ya ɗauke shi yana da shekara talatin da shida. A Unguwar Hajji aka haife shi. Mahaifinsa malamin makaranta ne, ya so ya yi digiri kamar yayyensa, amma ya tsaya a difloma ya tafi Kano koyon sana'a. An daɗe a gida ba a ga komai a aikin ba sai soso da zare.

Alhali a wannan rumfa ya zama mutumin da ake kai wa tsohuwar motar alfarma don a ji gaskiyarta. Mota iri ɗaya, ta shekara ɗaya, takan fito daga kamfani hawa-hawa, gwargwadon ƙarin kayan da mai sayen farko ya zaɓa. Dillalai kuwa sukan liƙa lamba a murfin but na bayan mota, su sauya fitilu, su rantse babba ce. Muntaka ba ya duban waje. Yakan shafa gefen giya ya nemi guraben maɓallan da aka toshe da baƙar roba, domin kowanne yana nuna abin da ba a sa wa motar ba. Yakan ƙwanƙwasa katakon ciki da farce ya ji ko icce ne. Sannan ya ɗaga bonat ya karanta ɗan ƙarfen nan mai jerin lambobi, ya gwada su da wani littafinsa inda ya rubuta ma'anar kowace lamba daga motocin da ya taɓa buɗewa.

Wata Talata bayan an gama cirar gyaɗa, Alhaji Maikuɗi ya zo daga Fulatan da Marsandin mahaifinsa, marigayi Alhaji Uwais, wanda ya yi magatakardan hakimi a Rogo. Bayan doguwar gaisuwa da tambayar gida, ya buɗe but ya nuna naɗin baƙar fata guda uku. Ranar Asabar za a kai ƙanwarsa Bahijja gidan mijinta a Falgore, kuma a motar babansu yake so a kai ta. Damuwarsa ita ce abokansa na majalisa sun sa motar a gaba. Suna cewa ƙarama ce, ba lamba a but, kujerun kuma yadi ne. Wani ma ya ce motar haya ce ta yi wanka. Don haka a yanke yadin a sa fata kafin Juma'a.

Tun ranar da motar ta iso daga Kwatano Alhaji Uwais ya sa aka ɗinka wa kujerun riga, kamar yadda kowa ke yi a nan. In ta tsufa ba a cirewa, sai a ɗora wata a kai. Riga uku Muntaka ya warware. Da ya kai ƙasa sai ga shuɗin karammiski mai kauri, ko dusashewa bai yi ba. Ya shafa shi gaba, ya shafa baya, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa. Sai ya ajiye almakashin a kan benci.

"Alhaji, ka yi haƙuri, wannan hannuna ba zai yanka shi ba."

"Hannun ne ya gaji ko almakashin?" in ji Maikuɗi. "Akwai mai ɗinki a Rogo, gobe da azahar ya gama."

Muntaka ya san ba ƙarya ba ne, kuma ya san in aka fita da motar haka, karammiskin zai kwana a bola. Ya roƙi a ba shi zuwa la'asar. Ya ce in bai nuna abin da zai gamsar da shi ba, shi da kansa zai raka motar Rogo. Maikuɗi ya ja kujerar roba ya zauna a inuwa, yana kaɗa makulli.

Muntaka ya fara da gefen giya: babu gurbin maɓalli ko ɗaya da aka toshe. Ya auna ƙofar baya da hannu, ya nuna ta fi ta ƙananan tsawo da kusan rabin taƙi. Ya goge murfin but ya nuna babu tabon gam, wato ba faɗuwa lambar ta yi ba, mai ita na farko ne bai so a sa ba. A littafinsa kuma ya nuna lambar karammiskin, ya ce zaɓensa aka yi, ba rashi ne ya kawo shi ba.

Maikuɗi ya saurara duka, sannan ya yi dariya.

"Malam Muntaka, littafin nan zan ɗauka in kai majalisa? Rabinsu ko lambar wayarsu ba su haddace ba."

Saura lamba ɗaya a jerin da ke kan ɗan ƙarfen cikin bonat. Sau ɗaya Muntaka ya taɓa cin karo da ita, a wata mota a Kano, kuma abin da ya rubuta a gabanta shi ne: kujerar baya tana motsi. Ya durƙusa ya bi gefen kujerar, inda rigunan suka rufe shekara goma sha tara, ya tarar da ɗan makunni. Ya danna, ba abin da ya faru. Ya sake dannawa, shiru. Ladan ya riga ya fara gyaran murya a masallacin tasha. Muntaka ya buɗe akwatin fiyus ya ga ɗaya ya ƙone, ya tsallaka rumfar Nuruddeen mai gyaran wayar mota ya karɓo wani ya sa. Bai gwada ba. Ya buɗe ƙofar baya ya ce Alhaji ya shiga ya danna da kansa.

Kujerar ta yi ɗan gurnani, ta zame gaba a hankali, majinginar ta kwanta. Maikuɗi ya mayar da ita, ya sake kwantar da ita. Ya daɗe a ciki.

"A nan Baba yake zama," in ji shi daga baya. "Da filo yake tokare bayansa, har ya rasu."

Muntaka ya ce Allah ya jiƙan Alhaji Uwais, ya gafarta masa. Suka tafi salla tare.

Da suka dawo Maikuɗi bai ƙara zancen Rogo ba. Tambayarsa kawai ita ce yaya zai yi da fata naɗi uku, Muntaka ya ce kujerun falonsa ba za su ƙi ba. Kwana biyu ya yi a kan motar, yana goge karammiskin da buroshi mai laushi, ya kama wani ɗinki da ya saki da allurar hannu, da zare mai launin na asali wanda sai da ya aika Kano aka samo. Ranar Juma'a Maikuɗi ya zo ɗauka, ya tambaya ko za a mayar da riga ko ɗaya ce, saboda ƙawayen amarya da lallensu. Muntaka ya ce a shimfiɗa zane a tafiya, in an isa a ɗauke.

Hakan aka yi. Ranar Asabar aka kai Bahijja Falgore, kuma da aka tsaya a ƙofar gidan, Maikuɗi ya ɗauke zanen, ya bar ƙofofin baya a buɗe har la'asar.