Tsumman Hangum

Ranar wata Alhamis ce cikin bazara, shekara biyu bayan babbar yunwar nan da ta kwashe rabin garinmu, kakata Iya ta ce in tafi tsohuwar marina ni kaɗai. Ban wuce shekara tara ba. Garinmu ɗan ƙauye ne tsakanin Gumel da Maigatari, kuma ranar Alhamis duk namiji mai ƙafa yakan tafi kasuwar Maigatari, a bar mata da tsofaffi da kaji. Kwanana shida ke nan da hangum. Kumatuna sun yi suntum, ko kunu ba na iya haɗiya sai na runtse ido, an hana ni makarantar allo, an hana ni surfe, ƙawayena suna carafke a ƙofar gida ina leƙensu ta dangar kara. Kullum da safe Iya takan kwaɓa shuni da toka ta shafe mini kumatu, ta ɗaure da tsumma tun daga haɓa har tsakiyar kai, in fito abin dariya, awaki ma sai sun tsaya sun dube ni.

A garinmu ba a yar da tsumman hangum a juji, ba a kuma ƙona shi. Wanda ya yi ciwon shi zai kai abinsa tsohuwar marina da rana tsaka, ya jefa a rami, ya ce "Na ba ka," ya juyo ba waiwaye. In ya yi haka ciwon ya sami mai shi, ba zai koma kan kowa ba. Iya ta maimaita mini har sau uku, ta ƙara da cewa, "Kul kika faɗa wa mai rai kalmar nan." Na ce to, don a lokacin in aka gaya mini magana ta kunnen nan take shiga ta wancan ta fita.

Marinar tana yamma da gari, bayan gonakin da aka yi wa sharar bazara. Masu rinin duk yunwa ta watsa su, wasu sun mutu, wasu sun yi arewa ba a sake jin labarinsu ba, suka bar ramukansu baki buɗe a gindin wata kuka. Na isa rana na tsakiyar kai, rairayi na ƙona mini tafin ƙafa. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne shirun wurin. Ko kurciya babu, ko ƙadangare, alhali da bazara ba ka rasa su a inuwa. Ramukan farko a bushe suke, sai yayi da ƙasa. Da na leƙa na ƙarshe, wallahi sai ga ruwa, baƙi ƙirin, a watan da rijiyar gari ma sai an ƙara wa guga igiya, kuma yana warin baban rini kamar jiya aka zuba. Na kwance tsumman na sunkuya. Fuska ta dube ni daga ƙasa da kumburarrun kumatu, na san tawa ce, amma ni na buɗe baki zan yi magana, ita ba ta buɗe nata ba. Har gobe ba wanda zai ce mini ido ne ya yi mini gizo. Ban faɗi kalmar ba, na kwasa da gudu, tsumman yana hannuna ban ma sani ba.

A bakin rijiyar gari na yi karo da Malam Sale, mijin yayata Hajo, yana shayar da jakansa. Fataucin kanwa yake yi daga wajen Damagaram, ranar kuwa bai je kasuwa ba don jiya-jiya ya dawo. Dogon mutum ne mai yawan dariya, watansu bakwai da aure, kuma tunda ni ƙanwar matarsa ce abokiyar wasansa ce ni, ba ya ganina bai tsokane ni ba. Yana hango ni ya ce, "Amaryata, goron wa kika sace kika cika kumatu haka?" Ni kuwa ga tsoro ga haushi ga haki, sai kawai na wurga masa tsumman na ce, "Na ba ka!" Ya cafe shi sama yana ƙyaƙyata dariya, ya ce, "Na karɓa, Allah ya sa albarka." Ya goge gumin wuyansa da shi, ya rataya a kafaɗa. Ya zaunar da ni a inuwa har numfashina ya dawo. Da na koma gida Iya ta tambaye ni ko na bayar, na ce na bayar, kuma ai ba ƙarya na yi ba.

Na warke, na koma daka da ɗebo ruwa, na manta. Bayan kamar kwana ashirin aka ce Malam Sale ya kwana da zazzaɓi, gari ya waye kumatunsa sun tashi. Kai, mutane sun yi dariya! Ƙato da gemu ya ɗauki ciwon yara. Iya ce kaɗai ba ta yi ba. Ta daina kaɗa mazarinta ta ce, "Allah dai ya sa kada ya sauka." Ban san inda ciwo yake sauka ba, na ɗauka wuya take nufi. Kwana bakwai kumatu suka saɓe, sai zazzaɓin ya dawo ya fi na da, aka hana yara shiga gidan. Ni da nake kai wa Yaya Hajo itace na gan shi sau ɗaya ta ƙofar ɗaki, kwance a tabarma, ba wando sai zane, ƙafafu a ware, an tara masa jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, yana cije haƙora yana kiran sunan Allah. Sai da na girma na gane cewa marainansa ne suka kumbura, duka biyun. Jikata da take aikin asibiti, wadda take rubuta mini wannan, ta ce haka hangum yakan yi wa namijin da ya balaga, ya bar kumatu ya koma can ƙasa, kuma in ya kama gefe biyu wani lokaci yakan tafi da haihuwa. Ta ce ta numfashi da yawu ake ɗauka, ba ruwan kalma. To, na ji, amma numfashin wa ya shaƙa a bakin rijiya?

Ya tashi a rame, ya koma fataucinsa, dariyarsa ma ta dawo. Abin da bai zo ba shi ne ciki. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, matan da aka kai ɗaki bayan Yaya Hajo suna yaye, ita shiru. A zamanin nan ba wanda zai kalli namiji lafiyayye mai ɗaga mangalar kanwa shi kaɗai ya ce matsalar daga gare shi take. Ita aka sa gaba. Ta sha sassaƙe, ta sha saiwa mai ɗaci har leɓenta ya yi baƙi, an kai ta wurin wani malami a Gumel an wanke mata allo, an kai ta Gagarawa wurin wata tsohuwa da ta turara ta har idanunta suka yi kwana uku suna hawaye. An manta sarai cewa ta taɓa yin ɓari a watannin farkon aurenta, kafin ciwon. Uwar mijin ta fara kiranta juya a bayan ido, daga baya a gaban ido. Ni kuwa ina ji ina gani, in na kai mata tuwo ba na iya haɗa ido da ita. Sau nawa na buɗe baki zan gaya wa Iya, sai in fasa. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba, kuma ina jin kunyar hakan har yau.

A shekara ta bakwai danginsa suka matsa, ya sake ta. An ce yana furtawa yana kuka, ya kuma raka ta da kansa har ƙofar gidanmu yana ɗauke da tukwanenta a kan jaki, abin da ba a taɓa gani ba. Ta yi idda, wani manomi ya aure ta ya kai ta Sule Tankarkar, ba ta rufa shekara ba ta haifi namiji. Ranar da labarin ya iso garinmu ba wanda ya yi guɗa. Malam Sale ya aika da kanwa da gero na ƙauri, ya zauna a bakin rijiya har la'asar. Ya ƙara aure sau biyu, kowacce ta yi 'yan shekarunta ta tafi, ta je ta haihu a wani gidan. Sai aka koma cewa iskar marina ce ta riƙe shi, yara suka riƙa kauce wa ƙofarsa. Ni dai bai taɓa daina kirana amaryarsa ba, har na yi furfura.

Da Malam Sale ya rasu, ni na nemi a bar ni in kai wa Yaya Hajo labari, da niyyar in sauke abin da ke cikina gaba ɗaya. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, jikoki na ta hawa bayanta. Na gaya mata rasuwar. Ta ajiye faifan, ta kori yaran waje. Can ta ce, "Ladi, 'ya'ya bakwai Allah ya ba ni a gidan nan, kuma na gode masa. Amma duk wanda aka miƙo mini, sai na duba fuskarsa ko zan ga Sale." Na dawo gida da maganata yadda na tafi da ita.

Yanzu in aure ya daɗe ba haihuwa, mata da miji ake kira a duba su tare, kuma yaro in ya yi hangum ana nisanta shi da manyan maza ba tare da an tura shi ko'ina ba. Ina jin daɗin haka, ina kuma jin zafin cewa bai riski waɗannan biyun ba, mutanen da suka so juna ba a bar su sun tsufa a ɗaki ɗaya ba. Dukansu sun tafi ba su sani ba. Ni da na sani, ni aka bari.