Littafin da Nake Buɗewa ta Baya

A gidanmu na Nyanshegu, idan aka ce makaranta, ta allo ake nufi. Waccan ta boko sukuru muke ce mata. Na iya haɗa baƙin Larabci tun ban gama famfara ba, amma a sukuru ni ce daƙiƙiyar aji uku. Malamin ajinmu da Dagbanci yake bayani, littattafan kuma na Turanci, ni kuwa Hausa na tashi da ita. Ga hannuna da ya saba farawa daga dama. Duk sanda na buɗe littafin rubutu ta baya sai ya sauke min rula a yatsu. Daga ƙarshe ya tattara mu 'yan zango, wato 'ya'yan unguwar Hausawa, a bencin baya, kusa da tsintsiya, ya huta da mu.

Na riga na maimaita ajin sau ɗaya. Babana ya ce in na sake faɗuwa, to shi ke nan, in bi Innata kasuwa in riƙa ɗaure mata kayan miya. Ba ya faɗa ya sake.

A shekarar aka kawo mana wata ɗaliba daga kwalejin horon malamai, ta zo koyon aiki. 'Yar kudu ce, siririya, da gicciye a wuya, Madam muke ce mata. Tun ranar farko ban yarda da ita ba, saboda ta cika murmushi, kuma ta wuce 'yan gaba masu ɗaga hannu ta zo ta zauna a bencinmu. Babu babban da ya taɓa zuwa wurin nan sai da bulala.

Ta ɗauki littafina, ta juya shi, ta ga 'yan rubuce-rubucen da nake ɓoyewa a shafin ƙarshe.

"Kai ne ya rubuta wanga?" ta tambaye ni da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji.

Na ce ba ni ba ce.

"Ni ba ya iya karanta shi. Koya mini."

Na san tarko idan na gan shi. In na amsa, ta kai wa malam, yatsuna su sha. Da na ba kakata labari, ita ma tsaki ta yi. "Me Kirista zai yi da baƙinmu? Ke dai rufe bakinki, ki buɗe ido."

Sai na gwada ta. Na rubuta mata da ajami cewa malam yana da kan kwakwa, na karanta mata a hankali, na koma ina jiran rula. Ta toshe baki tana dariya. Kwana ya wuce, mako ya wuce, rula ba ta zo ba. Wannan ma bai kwantar min da hankali ba, na ce tana tara min ne.

Ita kuwa kullum lokacin tara sai ta zo da alli. In rubuta ba, ta rubuta b a gefensa. In rubuta mim, ta rubuta m. Ta ce ai na riga na iya karatu, riga kawai baƙaƙen suka canja, kuma waɗannan ta hagu suke tafiya. Haushi ya kama ni da na ga abin yana shiga kaina, don ban so ta yi gaskiya ba. Kafin ƙarshen zango ina karanta allon shagunan hanyar Gumbihini da ƙarfi, har Innata ta ce in rufa mata asiri.

Ran nan sai ga baƙi biyu daga kwalejinta, mace da namiji. Aka ba su kujeru a bayan aji, dab da ni, kowanne da takarda a cinya. Madam ta shigo da sabon ɗinki. Ta yi bayani a kan yaran da ke zuwa aji da wani ilimin daga gida, sannan ta kira ni allo, ta faɗi wata kalma ta ce in rubuta.

A nan na gane. Ashe ni ce jarrabawarta.

Na tsaya da alli a hannu, zuciyata na tafasa. In na yi shiru ta faɗi, na sani. Na dubi baƙin, na dube ta, ta haɗa hannuwa a ƙirji kamar mai roƙo. Na tuna buhun barkonon Innata. Na rubuta kalmar ta dama, na rubuta ta hagu, na karanta duka biyun. Baƙin suka sunkuya suna rubutu, Madam ta saki numfashi.

Ranar Juma'a ta tafi. Ta raba wa aji alewa, ta shafa kaina kamar yadda ta shafa na kowa. Ranar Litinin na ɗauki jakata na matso gaba, malam ya nuna min bencin tsintsiya da rula. Daga can na ci jarrabawar, na wuce aji huɗu, Babana bai sake zancen kasuwa ba.

Ko don ni ta yi, ko don makinta, ban sani ba, kuma na daɗe ina jin zafin rashin sanin. Karatun dai ya zauna. Amma har yau, in wani ya yabi rubutuna, sai na waiwaya in ga ko akwai mai takarda a cinya a bayana.